Laftof Mai RAM 4GB Da Ajin Ces Na Agege: Yadda Aka Zaɓi Manhajar Horo Da Ta Adana Wasanni

Malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi da ke Agege, haifaffen Legas, iyayensa Katsinawa. Ranakun Asabar da Lahadi bayan La'asar yana tara yaran unguwa, su goma sha wani abu, a barandar makarantar yana koya musu wasan ces. Ajin ya kumbura ne bayan watan Afrilun 2024, lokacin da Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a nan Legas a 2018, ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York. Iyayen da a da suke yi wa abin kallon caca suka koma su ne masu turo 'ya'yansu.

Da tafiya ta yi nisa sai biyu daga cikin yaran suka fara cinye Malam jefi-jefi, kuma idan suka tambaye shi inda suka yi kuskure a wasan da suka sha kashi a gasar makarantu, sau da yawa amsarsa hasashe ce. A nan ya yanke shawarar sanya kwamfuta cikin aikin. Kwamfutar kuwa ita ce wadda yake da ita, don ba ya da kuɗin wata: ƙaramar laftof tokumbo da ya sayo a Computer Village ta Ikeja, mai furosesa Celeron N4020, RAM 4GB da aka manne a jikin allon kwamfutar ba a iya ƙarawa, ma'ajiya 64GB irin ta eMMC, da Windows 10. Wannan furosesa cibiya biyu gare shi, saurinsa na yau da kullum 1.1GHz, yana iya zabura zuwa 2.8GHz na ɗan lokaci, kuma wat 6 kacal aka tsara ya ci. An yi shi ne don rubuce-rubuce da leƙa intanet. Windows da sabunta-sabuntarta sun riga sun cinye fiye da rabin ma'ajiyar. Da ita ake buga sakamakon jarrabawar ɗalibai, da ita uwargida ke rubuta lissafin shagonta, saboda haka ba kwamfutar ces kaɗai ba ce.

Sauran sharuɗɗan duk wanda ke zaune a Legas ya san su. Wuta ba ta da tabbas. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ba a tayar da janareto don wasa. Data kuma ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Shawarar filash

Shawara ta farko daga ƙanen matarsa ta fito, wanda ke gyaran waya a Ikeja. Ya ce: "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Akwai mai saka ChessBase da Mega Database gaba ɗaya a filash, kuɗin kati kawai za ka ba shi." Da Malam ya kawo mini maganar, na ce a dakata tukuna.

ChessBase ba abin rainawa ba ce. Wani kamfani ne na birnin Hamburg a ƙasar Jamus ke yin ta tun 1986, kuma ita ce manhajar da yawancin ƙwararrun duniya ke shirin gasa da ita. Mega Database tana ɗauke da wasanni sama da miliyan 10, dubbai daga cikinsu da sharhin manyan 'yan wasa. Wanda ke neman kambun FIDE, hukumar ces ta duniya, yana da kwamfuta mai RAM 8GB ko fiye, yana kuma iya biyan kuɗinta da yuro, ba zan hana shi ba. Amma abin da ake tallatawa a filash kwafin sata ne, kuma irin waɗannan sukan zo da ƙwayoyin cuta a ɓoye cikin fayil ɗin da ke fasa makullin. A kwamfutar da ke riƙe da makin 'ya'yan mutane, wannan kasada ce da ba ta da dalili. Ko da ta halal ce ma, Mega kaɗai za ta lashe gigabait da yawa daga ɗan abin da ya rage. Sannan ga tambayar da ta fi duka: me yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda har yanzu yake barin dokinsa a ci a banza, zai yi da wasanni miliyan goma? Kamar hayar tirela ce don ɗauko buhun albasa ɗaya daga kasuwar Mile 12. Abokin karawarsa a gasar makarantu ta Surulere ba ya cikin Mega, ba ya cikin kowace ma'ajiya a duniya.

Abin da ya warware zaren shi ne gane cewa Malam ba abu ɗaya yake nema ba. Aiki uku ne ya cure su a suna ɗaya: injin da zai duba wasa ya nuna kuskure, ma'ajiyar da za ta adana wasanni a iya bincika su, da abin da zai ba yara atisaye. Kowanne yana da abin da yake ci a jikin kwamfuta. Inji furosesa yake ci da batir. Ma'ajiya RAM take ci da fili. Atisaye kusan ba ya cin komai, sai idan ta intanet ake yi, sai ya ci data. Da aka raba su haka, sai aka ga raunin laftof ɗin a wuri ɗaya kawai yake da tasiri, kuma ko a nan ɗin ba kamar yadda ake tsoro ba.

Inji

Babu gardama a kan wanda za a ɗauka. Stockfish kyauta ne, ya fito tun 2008, kuma shekara da shekaru yana kan gaba a jerin injinan ces. Gardamar ita ce ko zai yi tafiya a Celeron. Malam ya riga ya sauke shi da kansa kafin mu zauna, ya haɗa shi da wata manhaja, ya danna maɓallin nazari, sai tagar ta tsaya fayau: babu lamba, babu taku, babu ko saƙon kuskure. Ya ɗauka kwamfutar ce ta gaza.

Ba ita ba ce. A shafin Stockfish akwai fayil fiye da ɗaya na Windows, kowanne an ɗinka shi ne daidai da irin umarnin da furosesa ke ganewa. Wanda aka fi tura mutane gare shi shi ne mai alamar avx2, domin furosesoshin Intel Core tun na 2013 suna gane wannan umarni. Su kuwa Celeron da Pentium na jerin N4000, har da N4020, ba su san AVX ba sam, iyakarsu SSE4.2. Idan aka ba su fayil ɗin avx2, injin na tashi yake mutuwa, manhajar da ke riƙe da shi kuma ta yi ta jiran amsa. Da aka sauke mai alamar sse41-popcnt, nan take lambobi suka fara gudu. Na daɗe a kan wannan ne saboda na tabbata akwai masu ƙananan laftof da yawa da suka haƙura da Stockfish a kan wannan 'yar matsala, wasu ma har sun kai kwamfutar gyara.

To, ƙarfinsa fa a irin wannan na'ura? A 1997 kwamfutar Deep Blue ta IBM sai da ta riƙa duba matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya kafin ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov. Amma a 2009, injin ces mai suna Pocket Fritz 4, yana aiki a wayar hannu ta HTC yana duba ƙasa da matsayi 20,000 a daƙiƙa, ya lashe gasar Copa Mercosur a Buenos Aires da maki 9 da rabi cikin 10, a tsakanin ƙwararrun mutane. Wayar 2009 ke nan. Tun daga Stockfish 12 na Satumban 2020, injin yana auna matsayi da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar koyo da ake kira NNUE, wadda aka tsara ta yi aiki a furosesa zalla ba tare da katin zane ba. Rashin AVX2 yana rage masa sauri sosai, gaskiya ne. Duk da haka Stockfish a Celeron ɗin Malam ya fi ƙarfin duk ɗan Adam da ya taɓa zama gaban allo, har da Magnus Carlsen lokacin da makinsa na ma'aunin ƙarfin 'yan wasa ya kai 2882 a 2014. Kuskuren da yaran Agege ke yi, injin yana ganinsa kafin a ɗauke hannu daga linzami.

Abin da ya rage shi ne saiti, kuma a nan na ɗan saɓa wa abin da ake yawan faɗa. An saba cewa a ba inji duk cibiyoyin furosesa. A laftof mai cibiya biyu, idan aka sa Threads, wato saitin yawan cibiyoyin da injin zai yi aiki da su, a kan 2, komai na kwamfutar sai ya sandare, allon ces ɗin ma da ƙyar yake motsi. An bar shi a 1. Hash, wato rabon RAM da injin ke ajiye matsayin da ya riga ya duba, yana zuwa ne a 16MB. An ɗaga shi zuwa 128MB aka tsaya, don Windows ita kaɗai tana riƙe da kusan rabin 4GB ɗin, kuma da zarar RAM ya cika kwamfutar za ta koma aro daga eMMC mai nawa. An kuma taƙaita layukan da yake nunawa zuwa biyu. Sai maganar zafi. Laftof ɗin ba ta da fanka, jikinta ne ke fitar da zafi, kuma a watan Fabrairu da Maris na Legas idan aka bar injin yana nazari babu iyaka, ƙasanta kan yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, furosesan ya rage gudu don kare kansa, batir ya zube. Dokar da Malam ya kafa wa kansa ita ce a kunna inji a tambaye shi, a kashe. Idan wasa guda za a duba daga farko zuwa ƙarshe, daƙiƙa uku zuwa biyar a kowane taku sun wadatar, kuma ana yin sa ne lokacin da aka kawo wuta.

Ma'ajiya

An ɗauki Scid vs. PC. Asalinta Scid ce, wadda Shane Hudson ɗan ƙasar New Zealand ya fara a 1999, wannan kuma reshe ne da ya ɓalle daga baya yake ci gaba da kansa. Kyauta ce, ƙarama ce, ba ta neman intanet, tana aiki a Windows da Linux. Zan faɗi aibinta tun da wuri: ba ta da kyan gani. Fuskarta ta tsofaffin manhajoji ce, tagogi barkatai, kuma a allon laftof mai 1366 da 768 sai an rufe wasu kafin a ga allon wasa da kyau. Babu Hausa a cikin harsunanta. Malam ya yi kwanaki yana tsaki kafin hannunsa ya faɗa.

Dalilin haƙuri da ita shi ne yadda take ajiye wasanni. Fayil ɗin PGN, wanda shi ne tsarin da kowace manhajar ces ke karantawa tun farkon shekarun 1990, rubutu ne zalla. Ko da Notepad ana iya buɗe shi a karanta. Amma bincike a cikin babban PGN yana da nawa, don sai an bi shi layi-layi. Scid tana juya shi zuwa nata tsarin mai fayil uku, si4 da sn4 da sg4: ɗaya fihirisa, ɗaya sunaye, ɗaya takun wasannin a matse. Fihirisar ce ake ɗorawa a RAM, kusan bayit 50 ga kowane wasa. Malam, da yake lissafi sana'arsa ce, shi ya buga da kansa: wasa miliyan 10 zai ci wajen rabin gigabait tun kafin a taɓa komai, wasa dubu 500 kuwa megabait ashirin da 'yan kai. Nan take maganar neman babbar ma'ajiya ta mutu.

Ma'ajiya biyu aka buɗe. Ta farko ta manyan 'yan wasa ce, ana cika ta daga The Week in Chess, wanda Mark Crowther na Ingila ke fitarwa duk mako tun 1994. Kowane mako fayil ne na 'yan megabait mai ɗauke da dubban wasannin da aka buga a gasannin duniya, kyauta. An sauke na shekara biyu da suka wuce da datar dare, aka zuba su a Scid, aka sa ta goge waɗanda suka maimaitu. Wannan ya ishi duba yadda ƙwararru ke buɗe wasa a yau. Tagar da ake kira Tree tana nuna, a duk matsayin da ke kan allo, takun da aka fi yi da yawan nasarar kowanne, kuma a ma'ajiya mai wannan girma amsar ba ta ɓata lokaci. An yi maganar ma'ajiyar Lichess, shafin da ake buga ces a intanet, wadda ita ma kyauta ce, amma wasannin wata ɗaya kaɗai sun kai miliyoyi gommai, fayil ɗin kuma gigabait gommai ko a matse. Ba ta wannan laftof ba ce, ba ta wannan aljihu ba.

Ta biyu ita ce a ganina ta biya kuɗin sabulu: wasannin yaran kansu. Malam ya wajabta wa kowa rubuta takunsa a littafi mai layi, ko wasan sada zumunta ne. Da farko rubutun ya zo da shirme, wani ya rubuta doki ya je gidan da doki ba ya iya zuwa, wani ya tsallake taku uku a tsakiya. Scid ba ta karɓar taku haramtacce, saboda haka duk wanda wasansa ya ƙi shiga, sai ya zauna da allo ya gano inda ya ɓata. Ba a shirya wannan a matsayin darasi ba, amma ya gyara musu rubutu fiye da duk faɗan da aka yi a baya.

Da wasannin suka taru sai aka fara ganin abin da ido bai gani ba. Akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya na sakandare, wadda ta fi kowa kaifi a tsakiyar wasa amma take yawan faɗuwa a gasa. Malam ya ɗauka tsoro ne. Da aka tace wasanninta kaɗai, aka sa Stockfish ya bi su yana sa alama duk inda makin da yake bai wa matsayinta ya faɗi warwas, sai ga alamomin sun taru a wuri guda: bayan an yi musayar sarauniya, an rage ruk da sojoji. Tana barin sarkinta a kusurwa kamar har yanzu ana farautarsa, na abokin karawa kuma ya tako tsakiya ya cinye sojojinta ɗaya bayan ɗaya. Da aka nuna mata wasa uku a jere, ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, ai ni na ɗauka sarki ba ya fita." Babu wanda ya taɓa gaya mata yana fita. Wannan binciken bai buƙaci komai ba sai wasanni 'yan gommai da Celeron.

Sharaɗi ɗaya na gindaya a kan ma'ajiyar nan: duk ƙarshen wata a fitar da ita a PGN, a kwafa a filash, a kuma tura wa kai ta imel. Tsarin si4 na dangin Scid ne, tsarin CBH na ChessBase ne kuma Scid ba ta buɗe shi, ita kanta Scid ta asali ta koma wani sabon tsari a fitowarta ta 5. PGN ne kaɗai kowa ke ji. Ma'ajiyar eMMC kuma manne take a allon kwamfuta; ranar da laftof ta mutu, ba a zare ta a sa a wata.

Atisaye

Lucas Chess aka saka, ta Lucas Monge ɗan ƙasar Sifaniya, ita ma kyauta kuma ba ta buƙatar intanet. Ta fi Scid nauyi wajen buɗewa, amma da ta buɗe shi ke nan. Tana zuwa da tarin injina masu matakin ƙarfi daban-daban, tun daga wanda mafari zai iya cinyewa, da dubban tambayoyin dabara, da atisayen ƙarshen wasa, kuma ana iya buɗe wa kowane yaro sunansa don a ga ci gabansa. Yin wasa da Stockfish kai tsaye ba ya koya wa yaro komai sai karyewar zuciya. Ko an rage masa ƙarfi, kuskurensa ba irin na mutane ba ne: sai ya yi taku goma na gwani, sannan ya ba da kyautar ruk babu dalili. Shi ya sa na fi son Maia, wadda masu bincike na jami'o'in Toronto da Cornell tare da Microsoft suka fitar a 2020. An horar da ita ne da wasannin mutane don ta yi irin takun da mai maki 1100 zuwa 1900 zai yi, har da irin kuskurensa, kuma da yake ba ta zurfafa lissafi, ba ta wahalar da furosesa. Tana cikin Lucas Chess.

Lichess, wanda Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa a 2010, ba a bar shi ba, amma an mayar da shi waya. A laftof ɗin, burauza kaɗai tana cinye RAM ɗin da ya rage, kuma injin da ke shafin nazari da furosesan mai kallo yake aiki. Abin da ya fi amfani a can shi ne a ɗora wasa a nemi nazarin kwamfuta, domin wannan a na'urorin 'yan sa-kai ake yin sa, ba a kwamfutarka ba. Haka nan idan 'ya'yan wasa sun rage bakwai ko ƙasa, shafin yana ba da tabbatacciyar amsa daga jadawalin Syzygy, wanda aka riga aka lissafa sakamakon kowane irin wannan matsayi a cikinsa. A laftof an ajiye na 'ya'ya uku zuwa biyar kawai, wanda bai kai gigabait ɗaya ba. Na shida ya kusa 150GB, ya ninka ma'ajiyar kwamfutar fiye da sau biyu.

Sauran an wuce su da sauri. Arena tana da sauƙin nauyi amma ta fi dacewa da haɗa injina faɗa da juna. ChessX ta fi Scid kyan fuska, sai dai da PGN take aiki kai tsaye, babban fayil yana jan ƙafa. Leela Chess Zero, wadda inji ce kamar Stockfish, da cikakken ƙarfinta katin zane take so.

Abin da bai warware ba

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana karɓar wannan furosesa, kuma 4GB da 64GB su ne daidai mafi ƙarancin abin da take nema, wato za ta shiga amma da ƙyar za a samu wurin juyawa. Na ba da shawarar a sauya Windows da Linux Mint mai fuskar Xfce, wadda za ta sakar wa injin RAM mai yawa, kuma Scid vs. PC da Stockfish da Lucas Chess duk suna da na Linux. Malam ya ƙi, da hujjar da ban iya turewa ba: takardar sakamakon makaranta a Excel aka tsara ta, uwargida kuma da Word ta saba. An tsaya a kan sanya haɗin intanet ɗin a matsayin mai awo don kada Windows ta shanye data a ɓoye, da kashe manhajojin da ke tashi da kansu idan an kunna kwamfuta.

Matsalar da ta fi damun ajin yanzu ma ba ta manhaja ba ce. Allon inci 14 ne, yara goma sha wani abu ba sa iya kewaye shi su gani, na baya sai ɗaga ƙafa suke yi. A halin yanzu Malam yana duba wasannin da daddare, ya zaɓi matsayi biyu ko uku, ya jera su a allon roba ranar Asabar, laftof ɗin tana rufe a jaka sai gardama ta ƙi ƙarewa. Ƙanen matarsa ya yi alkawarin nemo tsohuwar talabijin mai ramin HDMI a Ikeja, mai makarantar kuma ya ce a bari sai an haɗa solar da ake shirin sakawa a ofis, a ga ko za ta iya ɗaukar ta.